Mutumin da Ya Tashi Daga Kujerar Intabiyu

Malam Abdurra'uf Ajimi mutum ne da rabin samarin Gombe suka san lambar wayarsa, amma da wuya a samu mutum uku da suka taɓa tambayarsa yaya ya kwana don Allah kawai. Shi ne jami'in kula da ma'aikata a wani kamfanin casar shinkafa da ke kan hanyar Dadin Kowa. Ta hannunsa ake shiga aiki a can, daga direba har mai gadi. Dogo ne siriri, da zanen Barebari a kumatu, ga hula zanna da ba ta rabuwa da kansa. In ka gan shi yana sauri da yamma sai ka rantse wani ke jiransa, alhali gida zai je, gidan kuwa ba kowa.

Daga Bama ya zo, shekarar da garin ya watse. A can akawu ne a sashen ma'aikata, shekara goma sha tara yana buɗe fayil yana rufewa. Ya iso Gombe da matarsa Halima Sadiya da 'yarsu Zulfa da jakar takardunsa, suka kama ciki da falo a Manawashi. A shekararsu ta biyu Halima Sadiya ta rasu, ciwon kwana huɗu. Bayan wasu shekaru Zulfa ta yi aure, mijin ya tafi da ita Maiduguri. Aka bar malamin shi da rediyonsa da butar shayi.

Lokacin da ya fara aiki a kamfanin, ba a ɗaukar mutum sai da kati. Wani babba zai zaro ɗan katinsa mai suna da muƙami, ya rubuta a baya cewa ga yarona nan a duba shi, shi ke nan an gama intabiyu. An taɓa kawo wa Malam Abdurra'uf wani da katin ɗan siyasa a matsayin direba, da aka miƙa masa mukullin mota sai ya tambaya wanne ne birki. An ɗauki wani mai kula da injin da yake jin tsoron ƙarar inji. Malamin bai yi faɗa da kowa ba, don ba shi da bayan da zai yi faɗa, baƙo ne. Abin da ya yi shi ne, duk wanda aka aiko, da kati ko ba kati, sai ya ce masa, "To bismilla, mu je ka gwada." Direba ya ja mota da baya ya shigar da ita tsakanin buhuna. Makaniki ya kwance abin da ya ce ya iya ya mayar. Da yawa daga cikin masu kati tun a nan suke tuna cewa suna da wani uzuri a gida.

Mai kamfanin ya ga inji ya rage lalacewa, sai ya yi shiru ya bar shi. Amma gari bai yi shiru ba. Aka ce Babarbaren nan ba shi da mutunci, bai san na gida ba. Waɗanda suka fi wayo kuma ba su zage shi ba, sai suka fara ƙaunarsa. Ranar da aka manna sanarwar neman ma'aikata, ƙofar gidansa kamar ta mai unguwa. Wannan ya zo da zabbi, wancan da galan na man gyaɗa, wata tsohuwa ta aiko da dambun nama wai ta tuna da marigayiya, alhali ba ta taɓa ganinta ba. A ƙasan kowane kwano akwai sunan ɗan wani. Ya mayar da zabbin, ya mayar da man, ya ba da haƙuri. Daga baya ya lura ko suna ya je, kafin a shafa fatiha wani ya matso ya ce akwai wata 'yar magana. Sai ya rage zuwa suna. Ya rage zuwa ɗaurin aure. A masallaci ma da an sallame ya ɗauki takalmansa. Mutane suka ce girman kai ne, shi kuwa tsoro ne kawai, tsoron kada ya ci abin wani ya kasa duban idonsa. Da haka da haka ya wayi gari ba inda yake zama a duk faɗin Gombe sai wuri ɗaya.

Wurin nan shi ne bencin Sule tela, a ƙofar shagonsa a Jekadafari. Sule Bafillace ne, iyayensa daga wajen Katsina suka zo tun yana goye, gajere mai tumbi da dariya kamar ana gangaro da gwangwani. Sun haɗu ne ranar da Malam Abdurra'uf ya kai ɗinkin riga, Sule ya dubi zanen fuskarsa ya ce, "Yau Allah ya kawo min bawana har shago." Malamin da ya yi wata takwas bai yi dariya ba ya ce, "Fulata, yaushe aka fara ba ku almakashi? Ai sanda ce taku." Wasan Fulani da Barebari ke nan, gado ne, ba mai jin haushi. Tun daga ranar suka ƙulle. Da Halima Sadiya ta rasu ba dangi ko ɗaya a kusa, Sule ne ya ɗinka likkafani, matarsa Saudatu ta yi wanka, shi kuma ya shiga kabari tare da mijin suka kwantar da ita.

Kullum bayan la'asar malamin zai sauka daga keke napep a bakin layin, ya zauna a bencin har a kira magariba. Su yi musun ƙwallo da ba wanda ya iya a cikinsu, su zagi hasken lantarki, Sule ya ce Barebari ba su iya tuwo ba, shi ya ce Fulani ba su san miya ba sai nono. Shekara tara Sule bai taɓa kawo masa sunan ɗan kowa ba. Wannan ne ya sa bencin ya zama masa gida. Nan kaɗai yake zama ba tare da ya jira inda hira za ta karkata ba.

Ana nan sai 'yar mai kamfanin, Ihsan, ta dawo daga jami'a da digiri a kan sha'anin ma'aikata, uban ya ce ta duba yadda ake ɗaukar mutane ta gaya masa gaskiya. Malam Abdurra'uf ya ɗauka ƙarshensa ya zo, yarinyar zamani za ta maye gurbinsa da kwamfuta. Sai ya tarar da ita mai kunya ce, Baba take ce masa, ba ta zama sai ya zauna. Suka yi wata biyu suna zazzage fayiloli. Suka ware waɗanda suka shigo da kati gefe guda, waɗanda suka shigo ta gwaji gefe guda, suka duba wa ya daɗe, wa ya gudu, wa aka kora. Ba a bukatar digiri kafin a ga bambancin. Masu kati yawancinsu ba sa cika shekara, masu gwaji kuwa wasu har sun zama shugabannin sashe.

"Baba, hanyarka ce daidai," in ji Ihsan. "Matsalar dai a kanka kaɗai take. Ranar da ba ka nan an koma gidan jiya. Mu rubuta ta ta zama doka."

Suka rubuta. Sanarwa a fili. Gwajin hannu kafin magana. Mutum uku a kwamiti, kowa da takardar makinsa, ba mai leƙen na wani, tambaya iri ɗaya ga kowa. Da suka zo ƙarshe, malamin da kansa ya ce a ƙara layi ɗaya: duk ɗan kwamitin da ya san mai neman aiki sanin gida, to ya faɗa, ya tashi ya fita, a sa wani a kujerarsa. Ihsan ta ce ita ba ta ma tuna da wannan ba. Ranar ya koma gida yana jin daɗi kamar wanda aka yi wa haihuwa, ya ba Sule labari a benci, amma sama-sama, bai kai ga layin ƙarshe ba, don Sule ya katse shi da cewa tunda bawansa ya zama mai kafa doka, to duniya ta zo ƙarshe.

Bayan wata huɗu aka nemi mai kula da sito, gurbi ɗaya tak.

Sule yana da ɗa, Abdulrasheed, shekararsa ashirin da takwas, ya gama babbar difloma ya yi bautar ƙasa, shekara huɗu yana zaune. Yaro ne natsattse, yana taya uban guga, an sa masa rana sau biyu ana ɗagawa saboda iyayen yarinyar sun ce sai ya samu abin yi. Ranar wata Talata, bayan sun gama musunsu, Sule ya tsayar da keken ɗinkin, ya daɗe yana cire zare daga allura yana mayarwa.

"Abdurra'uf," ya ce. Bai ce bawana ba. "Ɗanka ya cika fom ɗin nan naku. Ban taɓa roƙonka ba, yau ma ba roƙo nake ba. Ban ce ka ba shi abin da ba nasa ba. Ka dai zauna a wurin, ya ga fuskar da ya sani. Yaron in ya ga manya bakinsa rawa yake."

Nan ne wurin da ya kamata malamin ya buɗe baki ya ce, Sule, akwai doka, ni na sa ta, ba zan iya zama ba. Kalmomi kaɗan ne. Amma ya dubi mutumin da ya shiga kabari tare da shi, ya ji nauyin da ba a ɗauka da hannu, sai ya ce abin da kowa ke cewa in ya rasa ta cewa: "Allah ya zaɓa mafi alheri." Sule ya ce amin, ya ji kamar an amsa masa. Kunya ce ta hana shi, kunyar da ake yabon mutum da ita, ita ce kuma ta kai shi ta baro.

Kwana shida yana cewa gobe zan faɗa masa. Kullum ya zo benci sai ya tarar Saudatu ta aiko da kunun gyaɗa, Sule yana cikin nishaɗi, sai maganar ta maƙale.

Ranar intabiyu mutum goma sha ɗaya aka kira. Da safe aka kai su sito, aka ce kowa ya ƙiyasta buhu nawa ne a jere guda, ya soka tsinke a buhu ya ce wace shinkafa ce ba ta gama bushewa ba, ya nuna inda zai ajiye sabon kaya don tsohon ya fara fita. Malam Abdurra'uf yana hango su daga tagar ofis. Abdulrasheed ya yi ƙoƙari. Akwai kuma wata Juliana Dennis, 'yar Kaltungo, wadda ta yi shekara biyar a siton wata ƙungiyar manoma. Ita ko tsinken ba ta fara sokawa ba, ta ɗora tafin hannu a kan buhu ta ce wannan da ɗumi, a fitar da shi.

Bayan azahar aka shiga magana. Su uku a tebur: malamin a tsakiya, Ihsan a dama, manajan inji a hagu. Aka kira na bakwai. Abdulrasheed ya shigo da farar shadda sabuwa, ɗinkin ubansa, ya yi sallama, idonsa ya sauka kan Malam Abdurra'uf, fuskarsa ta saki, har ya ɗan rusuna ya ce, "Baba, ina wuni."

Malamin bai amsa da baki ba, kai kawai ya ɗaga. Ya juya ga Ihsan ya ce, cikin muryar ofis, "Na san wannan sanin gida. Zan fita." Ya rufe takardarsa, ya ture kujera, ya bi ta gefen yaron ya wuce ba tare da ya dube shi ba, don yana tsoron in ya dube shi 'yan kwamiti za su ce alama ya yi masa. Aka kira wani ya zauna a madadinsa.

A takarda abin da ya yi shi ne daidai, ba wanda zai ce a'a. Amma a garin nan, in ka shigo wuri ka gaida babba ya tashi ya bar maka ɗakin, ma'anarsa ɗaya ce, kuma ba doka ba ce. Abdulrasheed ya tsaya a tsakiyar ɗaki yana tambayar kansa me ya yi wa mutumin nan. Aka yi masa tambayar farko bai ji ba sai da aka maimaita. Ihsan ta faɗa daga baya cewa ta ga gumi ya jiƙa wuyan rigarsa tun kafin ya zauna.

Da aka haɗa maki Juliana ce ta ɗaya. Abdulrasheed na uku. Ko da bakinsa bai yi rawa ba da wuya ya kamo ta, malamin ya san haka, ya kuma san cewa ba zai taɓa iya tabbatar wa kowa ba, har da kansa.

Da la'asar ya tafi Jekadafari, don zumunta a ƙafa take, kuma bai so saƙon waya ya riga shi. Ya tarar da Sule a kan keken ɗinki. Da Sule ya gan shi sai ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi ba, ya kakkaɓe bencin da hannun riga.

"Sannu da zuwa, Malam Abdurra'uf. Ya aiki? Ya gajiya? Bismilla, zauna."

Gara a ce zaginsa ya yi. Malamin ya zauna a bakin bencin ya fara bayani: doka ce, mutum uku, sanin gida, da ya zauna da an ce son kai. Sule ya saurara har ƙarshe bai katse shi ba.

"Wa ya sa dokar?" ya tambaya.

"Ni ne."

"Ranar da na yi maka magana, ka san da ita?"

"Na sani."

Sule ya gyaɗa kai a hankali. "Ni aikin bai dame ni ba, wallahi. Rabon yarinyar nan ne, Allah ya sa mata albarka. Da ka ce min ba za ka zauna ba, da na shirya shi, na ce masa in ka ga Babanka ya fita kada ka damu. Amma ka bar ni na ce masa je ka, ubanka yana ciki. Ya dawo ya shiga ɗaki bai ci abinci ba. Yana tambayata ko wani abu na taɓa yi maka." Ya koma kan kekensa ya gyara ƙyalle. "Ka yi gaskiya, Malam. Ba wanda zai ce ba ka yi gaskiya ba."

Bai kore shi ba. Ba a korar mutum a irin wannan. Washegari ya zo aka gaisa, jibi ma haka. Sule yana amsa masa da ladabi, yana tambayar lafiyar Zulfa, in an kira magariba ya ce a sauka lafiya. Sau ɗaya malamin ya gwada, ya ce, "Fulata, wannan ɗinkin kamar da sanda aka yi shi." Sule ya yi murmushi ya ce, "Za a gyara, in sha Allahu." Daga nan ya fara zuwa sau biyu a mako, sannan ranar Juma'a kaɗai, sannan sai ya zamana in ya hau keke napep Manawashi yake cewa kai tsaye. Abdulrasheed ya tafi Kano wajen kawunsa mai sayar da yadi. Malamin a bakin wani ya ji.

A kamfani kuwa sunansa sai ƙara tashi yake. Juliana ta riƙe sito har ɓeraye suka yi ƙaura. Mai kamfanin ya tara ma'aikata ya yabe shi, ya ce ga mutumin da ya tashi daga kujera saboda ɗan amininsa, kowa ya yi koyi. Aka tafa masa. Ya tsaya yana murmushi, yana jin kamar ya tsaga ƙasa ya shige, don shi ya san ba tashin ne abin ba, shirun kwana shida ne. Da yamma ya koma gida ya dafa shayi kofi ɗaya, ya kunna rediyo don a ji muryar mutum a ɗakin. Kaɗaici ya dame shi ƙwarai a watannin nan, fiye da lokacin da ya fara zuwa garin, don a da bai san kowa ba, yanzu kuwa ya san wanda ya rasa.

Farkon shekara aka zo sabunta fayilolin ma'aikata, aikinsa ne. Kowa zai cika sabon fom: adireshi, lambar waya, da sunan wanda za a kira in wani abu ya same shi a bakin aiki. Ya bi mutum ɗari da arba'in ɗaya bayan ɗaya, yana yi wa masu barin layin fanko faɗa, yana ce musu in inji ya kama hannunka wa za mu nema. Da ya gama ya jawo nasa fayil ɗin. A tsohon fom ɗin, da rubutunsa, an sa Sule tela, Jekadafari, a wajen dangantaka kuma an rubuta ɗan'uwa.

Ya daɗe yana kallon takardar. Zai iya kwafewa kawai, ba wanda zai bincika, shi ne mai binciken. Amma ya riga ya ga abin da shiru ke jawowa. Ya ɗauki waya ya kira Sule.

Suka gaisa, doguwar gaisuwa. Ya ce, "Sule, akwai wata takarda a nan ofis, ta wanda za a kira in mutum ya faɗi ko wani abu. Sunanka ne a tawa tun da daɗewa. Na ce bari in tambaye ka, in bar shi?"

Malamin ya kasa kunne. Yana jin ƙarar keken ɗinkin ta tsaya, yana jin wani mai talla yana wucewa a layin.

"Allah ya kiyaye, ya ba da tsawon rai," in ji Sule. "Amma ka sa na Zulfa, Malam. Ita ce jininka, ita ta fi cancanta. Ni yanzu wayar ma ba kullum nake jin ta ba."

"To. Na gode. A gaida Saudatu."

"Za ta ji."

Ya ajiye wayar. Ya rubuta Zulfa Abdurra'uf, ya rubuta lambarta, a wajen adireshi ya sa Maiduguri. Ya san in an kira ta da safe, ko ta samu mota nan take, ba za ta iso ba sai bayan la'asar. Ya sa hannu a ƙasa a matsayin ma'aikaci, ya sake sa hannu a gefe a matsayin jami'in da ya duba, ya mayar da fayil ɗin cikin sauran.